KITSEN ƘWAƘWALWA DA ALAMUN DA KE BISA LITTAFIN GADO

Yau zancenmu bisa ƙwaƙwalwa ne, da wani irin kitse da ke cikinta, da yadda jiki ke tsara aikin kitsen nan. Zancen yana da ɗan nauyi, kuma akwai baƙin kalmomi cikinsa. Kada wannan ya ba ku tsoro. Duk kalmar da ta zo baƙuwa za mu tsaya mu warware ta. Wanda ke riƙe da takardar nan ya karanta sannu-sannu. In ya kai ƙarshen sashe ya ɗan huta, ya gaya ma na kusa da shi abin da ya gane, sannan ya ci gaba.

MINE NE KOLESTEROL?

Wanda ya taɓa fasa kan rago ya ga ƙwaƙwalwa. Fara ce, mai taushi, mai maiƙo a hannu. Ta mutum ma haka take. Cikin maiƙon nan akwai wani abu da likitoci ke ce ma kolesterol. Ɗan'uwan kitse ne, amma in an tace shi ya fi kama da kakin zuma. An fara ganinsa cikin tsakuwar da ke fitowa a matsarmamar mutum. Wani masani ɗan Faransa, Michel Chevreul, shi ya raɗa masa suna wajen shekarar 1815.

Da yawa cikinku kun ji sunan a gidan likita. An auna jinin mutum, an ce masa kolesterol ɗinsa ya hau, ya rage man shanu da nama mai kitse. Gaskiya ne. In ya yi yawa cikin jini yana liƙewa a hanyoyin jini, yana toshe su, har ya kawo ciwon zuciya ko shanyewar rabin jiki. Shi ya sa wasu ke zaton kolesterol cuta ce. To, ba mutumin da zai rayu babu shi.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo 1 da rabi ba. Watau wajen kashi 2 ce cikin 100 na nauyin jikinsa. Amma kusan kashi 1 cikin 4 na dukan kolesterol ɗin jiki yana cikinta. Mi take yi da shi?

An gina jiki da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Cikin ƙwaƙwalwa akwai su iri-iri. Mu riƙe 3.

Na farko su ne ƴan aike. Likitoci na ce musu neron. Yawansu ya kai wajen miliyan dubu 86. Kowane yana da doguwar wutsiya kamar zare, saƙo na bi ta ciki. In ƙaya ta soke ka, su ke kai labari bisa. In za ka ɗaga ƙafa, su ke kawo umarni ƙasa. Tunani da tunawa duk aikinsu ne.

Na biyu su ne masu naɗi. Ku duba wayar da ke cikin akwatin rediyonku: ƙarfe a ciki, roba a waje. In robar ta ɓare, wuta ta zurare, rediyo ya yi shiru. Haka masu naɗi ke naɗe wutsiyar ƴan aike da wata farar riga mai suna miyalin. Rigar nan cike take da kolesterol: wajen kashi 70 cikin 100 na kolesterol ɗin ƙwaƙwalwa yana cikinta. Jijiyar da ba ta da riga, saƙo na yin kamar mita 1 cikin daƙiƙa guda. Mai kaurin riga, saƙo na iya yin mita 100 ko fi. Jinjiri ana haifuwarsa naɗin bai yi nisa ba. Shekara 2 na farko aikin naɗi ya fi sauri, amma ba ya ƙarewa sai mutum ya wuce shekara 20.

Na uku su ne taurari. Ana ce musu astrosit, don siffarsu kamar tauraro. Su ne matan gida na ƙwaƙwalwa. Su ke girka kolesterol su aika ma ƴan aike. Suna ɗora shi bisa wani abin ɗaukar kaya mai suna ApoE. Mu za mu ce masa amalanke.

AKWAI DUWAN A BAKIN ƘWAƘWALWA

A 1885 wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya zuba ruwan rini cikin jinin dabba. Da anka buɗe ta, hanta ta rinu, ƙoda ta rinu, ƙwaƙwalwa kuwa tana nan fara. Daga baya anka gane dalili. Hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa a matse suke ƙwarai. Kamar duwan ce a bakin iyaka: wasu kaya su wuce, wasu a tsare su. Sukari yana wucewa. Iskar numfashi tana wucewa. Kolesterol ɗin jini ba ya wucewa.

Saboda haka ko ka ci ƙwaƙwalwar rago goma, ba abin da zai ƙaru cikin taka. Ƙwaƙwalwa da kanta take yin nata. Aikin yana da matakai fiye da 20. Ana haɗa wani ƙaramin tubali mai suna asetil, wanda jiki ke samu daga abinci, guda 18 kafin a samu kolesterol guda. Ku riƙe sunan nan, asetil. Za mu sake gamuwa da shi.

Ƙwaƙwalwa ba ta almubazzaranci. Kolesterol ɗin jini yana canzawa cikin kwanaki. Nata yana yin watanni, har shekaru. Amma tilas tsoho ya fita. Cikin ƴan aike akwai wani ma'aikaci da ke buga masa hatimi, ya ba shi takardar wucewa. Sunansa CYP46A1. Ba sai kun haddace ba. Mu ce masa mai hatimi. Abin da ke fita a yini bai wuce miligaram 6 ko 7 ba, watau kamar nauyin ƙwayar hatsi guda.

Ga girki, ga dako, ga fitarwa. In ɗaya ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta sha wuya. To wa ke cewa a girka? Wa ke cewa a dakata?

LITTAFIN GADO

Cikin kowace ƙwaya ta jiki akwai wani zare siriri da ake ce ma ADN. In an miƙe na ƙwaya guda zai kai mita 2. Bisa zaren nan akwai rubutu. Haruffansa 4 ne kawai. Rabin rubutun daga uwa ne, rabi daga uba. Mu ce masa littafin gado. Yana da shafi wajen dubu 20, kowane shafi da umarninsa: wannan na yin amalanke, wancan na yin mai hatimi.

Ga abin mamaki. Littafin da ke cikin ƙwayar hanta, shi ne cikin ƙwayar fata, shi ne cikin ɗan aike. Ba bambanci. To ƙaƙa hanta ta zama hanta, ƙwaƙwalwa ta zama ƙwaƙwalwa? Don ba duk shafi ake karantawa ba. Kowace ƙwaya tana buɗe wasu, tana rufe wasu.

Masu kiwon zuma za su gane wannan da sauri. Cikin amya, uwar zuma da ƴan aikinta duk mata ne, kuma ƙwai iri ɗaya ya fidda su. Wadda za ta zama uwa ana ci da ita da wani abinci na musamman tun tana tsutsa. Sai ta girma ta fi saura, ta yi ta zuba ƙwai, ta yi shekaru da rai. Ƴar aiki kuwa ba ta haifuwa, kuma lokacin aiki makonni kaɗan take yi. A 2008 masana a ƙasar Ostareliya sunka hana wani ma'aikaci da ke sa alama bisa zaren gadon tsutsar zuma yin aikinsa. Yawancin tsutsotsin sunka fito da siffar uwa. Rubutu bai canza ba. Alamu ne sunka canza.

Ilimin alamun nan shi ake ce ma epijenetik. Wani Bature ɗan Ingila, Conrad Waddington, ya ƙirƙiro kalmar a 1942. Ma'anarta abin da ke bisa gado. Wanda ya san ajami ya san baƙaƙe daban, wasali daban. Baƙaƙe na nan yadda suke, wasali ke nuna yadda za a karanta.

Alamun iri 3 ne manya. Akwai metil. Ƙaramin abu ne da ake liƙawa bisa zaren kansa. In an liƙa shi da yawa a bakin shafi, galibi shafin ya rufu, kamar rumbun da anka shafe bakinsa da laka. Hatsi na ciki, amma ba a ɗiba.

Akwai asetil, tubalin nan da munka ce ku riƙe. Zaren gado ba a sake yake ba. A naɗe yake bisa wasu ƙananan dunƙule masu suna histon, kamar zare bisa mazari. In an ɗora asetil bisa histon, naɗin ya saki, a karanta shafin. In an cire shi, naɗin ya tsuke.

Na uku wasu gajerun saƙonni ne, mikro-ARN. Su ba su taɓa littafin. Umarnin da anka kwafo daga shafi suke tarewa a hanya, kamar mai tare wasiƙa kafin ta kai. Masana biyu na Amurka da sunka gano su, Victor Ambros da Gary Ruvkun, an ba su kyautar Nobel a 2024. A 2010 an gane ɗaya daga cikinsu, mai lamba 33, yana rage aikin ɗan dakon da ke yi ma amalanke lodi. Ɗan dakon nan sunansa ABCA1.

Mai hatimi ma a ƙarƙashin alamun yake. A 2009 masana a ƙasar Suwidin sunka nuna in an hana cire asetil daga histon, shafin mai hatimi yana ƙara buɗewa.

ABIN DA AMALANKE KE KAWOWA

Nan zancen ya fi daɗi. A 2021 masana na birnin Hefei a ƙasar Sin sunka buga wani bincike da sunka yi bisa ɓeraye. Sun ga amalanke ba kolesterol kaɗai yake kai ma ƴan aike ba. Har da gajerun saƙonnin nan yake kaiwa. Saƙon kuwa shi ne: "Bar girki, ga naka an kawo." Sai ɗan aike ya rufe shafukan girkin kolesterol. Da ya bar girki, tubalin asetil ya yi masa saura. Sai ya ɗora shi bisa histon. Naɗi ya saki a wurin shafukan da ke taimakon tunawa, ɓera ya riƙe abin da anka koya masa.

Ku duba tsarin. Manomin da anka kawo ma tuwo gona ba ya barin hauya ya koma gida hura wuta. Haka ɗan aike: an ɗauke masa girki, ya juya ƙarfinsa ga aikin tunawa. Kitsen ƙwaƙwalwa da alamun gado daga tukunya guda suke ɗiba.

IN TSARI YA ƁACI

Mu fara da ruɗewar tsufa. Kun san tsohon da ke manta sunan ƴaƴansa, ya fita ya kasa komowa gida, ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Wadda ta fi yawa cikin irinta ana ce mata Alzheimer, sunan likita Bajamushe da ya bayyana ta a 1906.

Shafin amalanke iri 3 ne cikin mutane: mai lamba 2, mai lamba 3, mai lamba 4. A 1993 masana na jami'ar Duke a Amurka sunka gane mai lamba 4 yana ƙara haɗarin cutar. Cikin Turawa, wanda ya gaje shi daga gefe guda haɗarinsa ya ninka wajen sau 3. Wanda ya gaje shi daga uwa da uba, wajen sau 10. Masanan Hefei sun ga amalanke mai lamba 4 ba ya kai saƙonnin nan yadda ya kamata. A 2022 kuma wasu masana a Amurka sunka nuna mai lamba 4 yana sa kolesterol ya taru cikin masu naɗi, maimakon ya tafi wurin yin riga. A 2014 an duba ƙwaƙwalwar ɗaruruwan tsofaffi bayan rasuwarsu. Inda alamun cutar sunka fi yawa, metil ya canza wuri bisa wasu shafuka, har da kusa da shafin wani ɗan dakon kitse mai suna ABCA7.

Yanzu ku saurari abin da anka gani kusa da mu. Tun 1992 likitocin jami'ar Ibadan a Nijeriya da na jihar Indiyana a Amurka sunka bi tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama. Gefe guda Yarabawan Ibadan, gefe guda baƙaƙen fata na birnin Indiyanapolis, waɗanda kakanninsu da yawa daga Afirka ta Yamma anka kwashe su. A 2001 sakamako ya fito. Cikin tsofaffi 1000, wajen 12 ke kamuwa da Alzheimer kowace shekara a Ibadan, wajen 25 a Indiyanapolis. Amalanke mai lamba 4 kuwa yawansa kusan ɗaya ne a garuruwan biyu. Sai dai a Ibadan cutarwarsa ba ta kai ta can ba. Tsofaffin Ibadan kolesterol ɗin jininsu bai kai na waɗancan ba, hawan jini da ciwon sukari ma ba su kai ba.

Akwai ƙari. A 2021 da 2023 masana na birnin Miyami sunka duba ƙwaƙwalwar mutanen da sunka gaji mai lamba 4. Sun ga in shafin ya zo ta asalin Turai, naɗinsa ya fi saki cikin taurari, ana karanta shi da yawa. In ya zo ta asalin Afirka, an fi tsuke shi. Shafi ɗaya, karatu daban. Kada dai wani ya ce cutar ba ta kama baƙar fata. Tana kamawa, kuma yadda kwanan mutane ke ƙara tsawo, masu ita ƙaruwa suke yi.

Cuta ta biyu ta ƴan mata ƙanana ce. Sunanta Rett, don likita Andreas Rett na birnin Biyana ya bayyana ta a 1966. Tana kama wajen yarinya 1 cikin dubu 10. Ana haifuwar ɗiya lafiya lau. Tsakanin wata 6 da wata 18 sai ta fara komawa baya. Kalmomin da ta koya su ɓace. Ta bar riƙe abu. Ta yi ta murza hannuwanta kamar mai wanki. Da yawa suna farfaɗiya. A 1999 wata likita ƴar asalin Labanon, Huda Zoghbi, da abokan aikinta a birnin Hustan sunka gano tushen. Akwai wani ma'aikaci mai suna MeCP2, aikinsa karanta alamun metil. Cikin yaran nan shafinsa ya lalace. Alamu na nan, mai karanta su ne babu. Kusan kullum lalacewar sabuwa ce, ba a gurin iyaye aka gado ta ba. Ba laifin uwa ba ne, ba bakin kishiya ba ne.

Ina kolesterol a nan? A 2013 wasu masana a Hustan sunka ga cikin ɓeraye masu cutar, waɗanda wani shafin girkin kolesterol ɗinsu ya raunana sun fi saura lafiya. Sunka ba ɓerayen maganin rage kolesterol, irin wanda ake ce ma statin. Tafiyarsu ta gyaru, kwanansu ya ƙaru. Kafin wannan, a 2007, Adrian Bird na birnin Edinbara ya maido ma ɓeraye shafin da ya lalace bayan cuta ta riga ta kama su, sunka murmure. Wannan ya nuna ƴan aiken ba mutuwa sunka yi ba.

Akwai kuma Huntington, mai sa babba rawar jiki da ruɗewa, wadda ɗa ke iya gada daga uwa ko uba. Cikinta girkin kolesterol yana raguwa, mai hatimi yana raguwa, mai ɗora asetil ma ana tsare shi. Sai Niemann-Pick iri na C, inda kolesterol ke maƙalewa cikin ƙwaya ya kasa fita. Yaro ya yi babban saifa, ya riƙa tuntuɓe, ya kasa juya ido sama da ƙasa. Ba ta da yawa, wajen haifuwa 1 cikin dubu 100. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita take fitowa, don haka ta fi samuwa inda auren zumunta ya yi yawa. A 2011 an zuba maganin hana cire asetil bisa ƙwayoyin fatar masu cutar cikin kwano, kolesterol ɗin da ya maƙale ya ragu. Amma kwano daban, mutum daban: maganin da wuya yake wuce duwan ɗin ƙwaƙwalwa.

Ku lura, yawancin nasarorin nan a jikin ɓera anka same su. An gwada statin bisa tsofaffi masu Alzheimer, bai warkar da su ba. Don haka in mai lasifika ya zo kasuwa da kwalba, ya ce tana wanke ƙwaƙwalwa, ku riƙe kuɗinku.

MI KE TAƁA ALAMUN?

Yunwa tana taɓa su. Lokacin yaƙin duniya na biyu, cikin sanyin 1944 zuwa 1945, sojan Jamus sunka tare hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan. Wajen mutum dubu 20 sunka mutu. Matan da sunka ɗauki ciki lokacin sun haifu, ƴaƴan sun girma. Bayan shekara 60 anka auna jininsu, anka gwada da na ƴan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya da ba su ga yunwar ba. Alamun metil sun bambanta bisa wasu shafuka. A 2009 an ga shafin ɗan dako ABCA1 yana cikinsu. Wannan a jini anka auna, ba cikin ƙwaƙwalwa ba. Amma an ga mutanen nan sun fi saura fama da matsalar kitsen jini da ciwon zuciya, wasu da taɓin hankali.

A ƙauyukan Gambiya, wajen Keneba, inda damina ce lokacin da rumbu ke yin ƙasa kamar a nan, bincike na 2010 da na 2014 ya nuna yaran da anka ɗauki cikinsu da damina alamun metil ɗinsu sun bambanta da na waɗanda anka ɗauka da rani. Bambancin ya bi abin da ke cikin jinin uwa kwanakin farko na ciki, tun ba ta san tana da shi ba. Mu da munka ga fari na 1973 da na 1984 da ƙarancin abinci na 2005, zancen nan bai yi mana nisa ba.

Daga ina jiki ke samun metil? Daga abinci, da taimakon wasu bitamin. Akwai folat, cikin ganye irin su zogale da alayyafo, da wake, da gyaɗa, da hanta. Akwai bitamin B12, wanda sai cikin abincin dabba: nono, ƙwai, kifi, nama. In B12 ya yi ƙaranci, rigar miyalin tana lalacewa, ƙafafu su yi ta jin kamar tururuwa na tafiya, tunani ya raunana. Masu naɗi kuma suna bukatar sinadarin ƙarfe. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wurin awon ciki ta haɗa ƙarfe da folat. Mai ciki ta tafi awo da wuri, ta sha ƙwayarta, kada ta ajiye ta ƙarƙashin tabarma. Maigida kuma, in an zo rabon nama da ƙwai, ya tuna da mai ciki da mai goyo da yaron da anka yaye.

Taba ma tana barin alama bisa zaren gado, ana ganinta cikin jinin mashayi. In ya bari, da yawa cikin alamun suna komawa daidai sannu-sannu cikin shekaru.

A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci mai suna Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ruɗewar tsufa. Ciki akwai hawan jini, ciwon sukari, taba, giya, raunin ji, zaman kaɗaici, ƙarancin karatu tun ƙuruciya, da yawan kolesterol cikin jini lokacin da mutum ke tsakiyar ƙarfinsa. Wani zai ce: ai kun ce na jini ba ya wuce duwan! Haka ne. Amma yana toshe hanyoyin da ke kawo ma ƙwaƙwalwa jini. Gari ko yana da ganuwa, in an tare hanya ya ji yunwa.

GARGAƊI BIYU

Na farko ga mata masu farfaɗiya. Akwai maganin farfaɗiya mai suna balporowat, wanda ake sayarwa da sunan Dépakine. Magani ne mai aiki. A 2001 an gane yana cikin masu hana cire asetil daga histon, watau yana taɓa alamun gado. In mace ta sha shi da ciki, wajen yaro 1 cikin 10 yana zuwa da naƙasa a jiki, kuma 3 zuwa 4 cikin 10 suna samun jinkirin magana da koyo. Mace mai shan sa, in tana son ɗaukar ciki, ta ga likita tun kafin ta ɗauka, ya duba ko zai canza mata wani. Kada ta bar shi da kanta dare ɗaya. Farfaɗiya na iya komowa da ƙarfi, ta cuci uwa da abin da ke cikinta.

Na biyu ga masu tsoho a gida. In tsohuwa ta fara ruɗewa, tana fita da dare, tana faɗin abin da ba a gane ba, kada a ce mayya ce. Kada a ɗaure ta, kada a bar yara su jefe ta. A kai ta gidan likita. Ba duk ruɗewa ce Alzheimer ba. Ƙarancin B12 yana kawo ta. Raunin aikin maƙoƙo yana kawo ta. Jinin da ya taru cikin kai bayan faɗuwa yana kawo ta. Waɗannan ana gano su, kuma suna da magani. Wanda zai raka ta ya zama wanda ke zaune da ita, don likita zai tambayi yaushe abin ya fara, ko sannu-sannu ya zo ko farat ɗaya, ko ta taɓa faɗuwa. A tafi da duk magungunan da take sha, na likita da na gargajiya, cikin leda guda.

Mu kwana nan.